Shafin da Ado Ya Ɗinke

Tun da na dawo daga Maraɗi, Garba da Isuhu suka hana ni sakat. In na fito masallaci suna nan, in na tsaya wajen mai shayi suna nan: "Rabe, yaya Ado? Yaya hanya? An gama da Naɗau?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Da yake na san takardar za ta faɗa hannun waɗanda ba su san mu ba, bari in fara da faɗin ko wace ce Naɗau.

Mu huɗu ne abokai a Katsina. Ado shi ya koyo wani wasa a Zariya yana jami'a, ya kawo mana. Wasan na baki ne da takarda. Mutum ɗaya shi ne mai labari, shi ke ƙirƙiro gari da daji da dodanni, ya rubuta a littafinsa. Sauran kowa na da jaruminsa, ya faɗi abin da jarumin zai yi, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Amma 'ya'yan ludon ba irin na kasuwa ba ne, akwai mai fuska takwas, akwai mai fuska ashirin. Ado ne mai labarinmu, kuma ƙa'ida ɗaya ce ba a taɓa ta: ɗan wasa ba ya leƙa sirrin mai labari.

Naɗau ita ce babbar dodon da Ado ya yi. Mesa ce mai tsawon kamu arba'in, tana zaune a ƙasan wata tsohuwar rijiya. Tana naɗe mutum ta matse shi kamar kowace mesa, sannan tana da dafi irin na kububuwa. Ta kashe jarumin Garba da dafi, ta karya na Isuhu. Nawa, Barde, tana naɗe da shi har ƙirji ranar Alhamis ɗin da muka tashi wasa, a kan sai mako mai zuwa. Ranar Litinin mota ta buge Ado a kan babur. Ƙafafunsa suka mutu, mahaifiyarsa ta zo ta tafi da shi gidansu na Maraɗi. Ya bar mini littafin amana. A tsakiyarsa akwai shafi ɗaya da ya ninke ya ɗinke da baƙin zare, ya rubuta a bayansa: "Lagon Naɗau. Ɗan wasa kada ya buɗe."

Shekara biyu littafin na ƙasan akwatina. Allah ya sani sau nawa na ɗauko shi na ɗaga shafin nan a hasken rana, sannan kunya ta kama ni na mayar. A tsakanin nan aka fara Shari'a, duk abin da ake jefawa ya zama caca a idon mutane, ni kuwa malamin lissafi ne a sakandare, ba na son sunana ya fito. Sai a bazarar nan wani direba ya kawo mini wasiƙa, layi biyu: "Kawo littafin mu ƙarasa. In ka buɗe shafin, yi zamanka."

Na shiga tasha da hantsi ranar Asabar, ina zargin kowa. Littafin na sa a jakar hannu. 'Ya'yan ludon kuwa, don wayo, na cusa su cikin ƙunshin garin rogon da zan kai tsaraba. Fijo ce muka samu, direban ana kiransa Mamman, mu uku a layin tsakiya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, wadda tun kafin mu fita gari ta san sunana da aikina da unguwarmu, ni ban san komai nata ba. Na ce a raina wannan ko dai 'yar rahoto ce, ko tana neman wanda za ta jingina wa kayanta a kan iyaka. Na ƙara ƙanƙame jakata.

A Daddara Mamman ya tsaya ya ɗauki wani tsoho da buhunsa, aka matsa shi ta ɗaya gefena. Baba Nomau sunansa, Bamaguje ne daga wajen Bugaje, za shi Maraɗi da saiwoyin maganin sarar maciji. Yana warin hayaƙi da taba. Ya dube ni, ya dubi jakar.

"Malam, mi ke cikin jikkag ga da kake rungume awa jinjiri?"

"Takardun makaranta ne, Baba."

"To," in ji shi. Ya faɗi "to" ɗin nan yadda na san bai yarda ba, Hajiya kuma ta taya shi da "uhum".

Hanyar ba ta da nisa, shingayen ne ke da yawa. Kowane shinge Mamman ya sauka ya zaga bayan mota ya dawo, a ɗaga mana katako. A Jibiya muka tsaya ya sha mai na galan, na sayi fura a wajen wata Bafulatana, na sha rabi sannan na fara tunanin ko da wane ruwa aka dama, na bar saura. Baba Nomau ya karɓa ya shanye, ya lashe ludayin.

A Magama, shingen ƙarshe kafin a bar Najeriya, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai kaki, dogo, yana yawo da siririn ƙarfe yana soka wa buhuna. Ya wuce dilar Hajiya ko kallo bai yi ba, wadda na zarga tun daga Katsina. Ya zo kan garin rogona ya soka, ƙarfen ya yi ƙas. Ya soka kuma. Ya zura hannu ya fito da mai fuska ashirin, ja, ya hure garin da ke jikinsa.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"Mene ne?"

"Ɗan ludo ne."

"Ni ma na yi ludo ina yaro. Ludon gidanku ne mai lamba ashirin? In ludo ne me ya kai shi cikin gari?"

Gaskiya ita ce tsoro ya kai shi. Ya ce in buɗe jaka. Ya ɗauko littafin, ya buɗe daidai inda Ado ya zana Naɗau da jan biro da baƙi, shafi biyu cur, tana naɗe da mutum, bakinta a buɗe. Ya juya, ga taswirar rijiya da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Ya sake juyawa, ga gidaje-gidaje da lambobi a ciki, na ƙarfin matsa da na zafin dafi. Ya rufe littafin da sauri ya riƙe shi da yatsu biyu.

"Hatimi ne wannan," in ji shi. "Kai malamin tsibbu ne."

Ya ƙwala wa wani ustazu kira daga inuwar dalbejiya, saurayi mai ɗan gemu, cikin masu zaman sa ido a wajen. Kafin ya iso mutane sun kewaye mu, masu tura kura, masu canji, har mai rake ya bar rakensa. Wani ya ce taswirar ta 'yan sumoga ce. Wata ta ce wannan macijin bori ne, ta taɓa ganin irinsa. Na ga aikina na makaranta yana tafiya a gaban idona.

Ustazun bai yi hayaniya ba, na yaba masa. Ya tambaye ni ko ana sa kuɗi a wasan, na ce ko sisi. Ya tambayi abin da mai nasara ke samu, na ce ba komai, sai daɗi. Wannan amsar ta fi damunsa a kan komai. Ya ce, "Magidanta huɗu ku zauna yini guda a kan ba komai?" Na ce haka ne. Ya ci gaba da buɗe shafuka har ya iso kan ɗinkin.

"Wannan fa? Laya ce?"

Na ce ba laya ba ce, sirrin wasa ne, kuma ni kaina ban san abin da ke ciki ba. Aka yi dariya irin wadda ba ta da daɗi. Mai kakin ya ce littafi a hannuna shekara biyu in ce ban sani ba, wa zan yi wa wannan? Na roƙe su da Allah da Annabi. Na ce amanar mara lafiya ce, in aka farke zaren nan ba zai ƙara yarda da ni ba. Ina roƙon, suna ƙara tabbata akwai abu. Mai kakin ya ce ko a buɗe a nan, ko littafin ya kwana a ofis da ni gaba ɗaya.

Sai Baba Nomau ya kutso, ya ce a nuna masa macijin. Ya duba ya duba, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Yallaɓai, ni tun ina yaro nike kamun macizai, ubana ma haka. Wadda ka matsa ba ta da dahi, mai dahi kuwa ba ta matsa. Iskokinmu ma dut na san su, babu mai irin wagga. Wagga ƙaryar 'yan birni ta, waɗanda ba su taɓa taka ciyawa ba."

Raina ya ɓaci da jin ana zagin Naɗau, amma na ga fuskar mai kakin ta ɗan saki. Duk da haka ustazun ya ce zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya ga abin da ke cikin ɗinkin. Ya karɓi reza wajen mai rake.

Nan na ce su dakata. Na ce su karanta, amma ni ba zan ji ba. Na tafi bayan Fijo, na juya musu baya, na toshe kunnuwana da yatsu, na fara karanta jadawalin sau da ƙarfi kamar ɗan firamare. Bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu. Ni Rabe, mai 'ya'ya uku, a tsakiyar rana a kan iyakar ƙasa. Na kai tara sau tara Mamman ya taɓa kafaɗata. Da na juyo kowa na murmushi. Ustazun ya ninke shafin ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

"Malam, wannan ba tsafi ba ne. Wanda ya rubuta shi yana da tarbiyya. Allah ya ba shi lafiya."

Mai kakin ya jefa ɗan ludon a kan bonet don ya gani, ɗaya ta fito. Ya tambaye ni ma'anarta, na ce da a wasa ne an sare shi. Ya yi tsaki ya mayar mini da abina. Zaren kuwa ya riga ya tafi, sai ramukan allura.

Daga nan tafiyar ta zama wata iri. Mutum takwas a mota, bakwai sun san lagon Naɗau, ni kaɗai ban sani ba. Na gargaɗe su kada wanda ya faɗa mini. Muna barin shingen Hajiya ta juyo ta ce, "Salamu alaikum, Malam Rabe." Na amsa, ina mamaki, tun safe muke zaune kafaɗa da kafaɗa. Motar ta kwashe da dariya. Bayan ɗan lokaci Mamman ya dube ni ta madubi ya yi mini sallama shi ma. Na ce a raina ba'ar malamin tsibbu suke mini, na ɗaure fuska na kalli taga.

A Ɗan Isa, shingen Nijar, jandarma ya fara sara mana, ya tambayi lafiyarmu da ta iyali, sannan ya karɓi takardu. Ban saba ganin mai kaki ya yi gaisuwa kafin tambaya ba, sai na ɗauka tarko ne. Da ya ji ni malamin makaranta ne ya koma kirana Mushe, yadda suke kiran malaman boko a can. Jakata ko taɓa ta bai yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai, a gefen ofishin nan wasu dattawa huɗu na buga karta a fili a kan tabarma, ba mai kallonsu, ni kuwa na ɓoye nawa a garin rogo.

Mun shiga Maraɗi da azahar, garin ya yi tsit. Can in rana ta take kowa rufe ƙofa yake ya kwanta, har ofisoshi, sai la'asar. Na ga mata suna tuƙa babur da kansu, gyale na tashi. A tasha, wadda su suke kira otogar, Baba Nomau ya saɓa buhunsa ya riƙe hannuna.

"Malam, in ka isa gidan mutane, ka riƙa sallama."

Na ce masa ni ma an haife ni a gida. Ya tafi yana dariya.

Gidan su Ado na cikin tsohuwar unguwa. Inna Habsu, mahaifiyarsa, ta tarbe ni da ruwan randa, ta kawo dambun zogale da cuku, da dogon burodin nan nasu mai tauri da sai ka yi kokawa da shi. Kafin in shiga wajen Ado ta ja ni gefe.

"Ɗana, ka yi haƙuri da shi. Tun da abin ga yas same shi ba ya yarda da kowa. In anka ce ya yi kyawun gani shi ce ƙarya a kai mai. In anka yi dara da shi yac ci, shi ce bar mai anka yi don tausai."

Yana zaure, a kan gadon ƙarfe, an jingina shi da matashi. Ya rame, gemu ya fito masa. Gaisuwarmu ba ta yi tsawo ba ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Bai duba ko'ina ba sai tsakiya. Ya shafa ramukan allurar da yatsa.

"Na ce in ka buɗe ka yi zamanka."

Na ba shi labarin Magama tun daga ƙarfen har jadawalin sau. Ya saurara fuskarsa ba ta motsa ba. Da na gama ya ce, "Labarin ya yi kyau. Da kai ka dace da mai labari." Ya juya fuskarsa bango. Wallahi abin ya yi mini ciwo fiye da duk wulaƙancin kan iyaka. Na rantse, ya ce kowa rantsuwa yake masa yanzu. A zauren aka yi mini shimfiɗa, nan muka kwana.

Da safe bayan an sha kunu ya ce in miƙo faranti. Ya zuba 'ya'yan ludon a ciki, ya buɗe littafin a cinyarsa, muryarsa ta koma irin ta da. "Kana ƙasan rijiya. Fitilarka ta faɗi. Naɗau ta naɗe ka har ƙirji, hannunka na dama ne kawai a waje, da takobi. Kanta na saitin fuskarka. Me Barde zai yi?"

Shekara biyu nake shirya amsar nan. Na ce zan soke ta a ido. Na jefa, sha huɗu ta fito, ya ce takobin ya zame a kan ƙwanson idon. Ya jefa nasa, ya ce haƙarƙari biyu sun karye. Na ce zan cusa mata kuben a baki kada ta sare ni. Ta tauna kuben. Na tuna maganar Baba Nomau, na ce ai mai matsa ba ta da dafi, a ƙa'ida bai kamata ta sare ni ba. Ado ya ce wannan ƙa'idar Bugaje ce, nan rijiyarsa ce. Gumi ya jiƙa mini riga. Na yi ihu, na yi musu a kan lamba, har Inna Habsu ta leƙo. Duk wannan Ado na kallona ta gefen ido, yana jiran wani abu da ban san shi ba. A jifa ta ƙarshe uku ta fito. Ya ce dafin ya kai zuciya, Barde ya mutu, Naɗau ta fara haɗiye shi ta kai.

Na buga farantin da hannu, na ce zalunci ne, dodon nan ba shi da lago, ƙarya ya ɗinke. Sai na ji wani sauti. Ado ne ke dariya, har yana tari, hawaye na zuba. Inna Habsu ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta kasa motsi.

"Ba ka karanta ba," in ji shi. "Wallahi ba ka karanta ba. Na san son cinka, Rabe. Da ka sani ko don tausayina ba za ka iya bari Barde ya mutu ba."

Ya miƙo mini shafin. Layi huɗu ne da rubutunsa na da, mai karkata: "Rijiyar gidan Naɗau ce. Duk wanda ya faɗo da makami ba sallama, ɓarawo ne a wurinta. Wanda ya ajiye makami ya yi sallama, ko tana naɗe da shi za ta warware, ta ba shi ruwa, ta nuna masa hanya."

Na zauna riƙe da takardar. Hajiya ta faɗo mini a rai, da Mamman a madubi, da tsohon nan riƙe da hannuna a tasha. Da na gaya wa Ado, dariyar ta dawo sabuwa. Ya ce mota guda ta yi ta tura mini amsa daga Magama har Maraɗi, zargi ya hana ni ɗauka. Ya ce mu uku, Hausawa, 'ya'yan malamai, mun shiga gidan mutane da takubba ba wanda ya tuna ya yi sallama.

Da dariyar ta lafa ya riƙa juya ɗan ludon nan ja a tafinsa. Sannan ya nuna ƙofar zauren da haɓa.

"Ka ga ƙofar nan? Duk wanda ya yi sallama a waje ina jinsa tun kafin Inna ta ji. Shekara biyu ina sauraro ko zan ji murya ɗaya cikin ukunku."

Kullum muna cewa iyaka ce, takardu ne, ba mu san yadda za mu dube shi ba. Tafiyar da na yi ta tsoro, da shingayenta da duk abin da ya faru, ba ta wuce daga hantsi zuwa azahar ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau da nake rubutun nan ba ta sake ni ba.

Na kwana biyu na dawo, littafin yana wajen mai shi. Garba, Isuhu, kun tambaye ni yaya Ado, kun tambaye ni yaya hanya. Ga shi na faɗa muku duka. Kada wanda ya sake tare ni a ƙofar masallaci. Fijon Mamman na tashi kullum da hantsi, gidan kuma shi ne mai koren ƙyaure bayan masu sayar da cuku. In kun isa ku ɗaga murya, yana jin sallama tun daga waje.